Kaftu a Gonar Mai Zagaye

Shekaranjiya da hantsi aka kawo tarakta fadamarmu. Ina zaune a gindin gawo ina kallo, kafin in gama tauna ɓarin goron da ke bakina ta birkice gonar nan kaf, ta yi hayaƙinta ta kama hanyar Goronyo. Ko ruwa direban bai tsaya sha ba. Na ce ikon Allah, ashe abin da ya kusa hana ni aure ke nan! Jikana da ya rako ni ya dube ni yana dariya, ya ce, “Tsoho, mi ag gamin tarakta da aure?” Na ce ba da tarakta nake ba, da gonar nake. Shi wannan ja'irin yaro ciwona ya gada, wato fuka, mu nan huka muke cewa, su kuma 'yan boko asma. Amma shi yana da wani ɗan abin shaƙa a aljihu, bai kai kan albasa girma ba. In za shi ƙwallo sai ya girgiza shi, ya fesa a baki, ya ruga abinsa kamar ba shi ba. Mu a zamaninmu, lokacin Nasara na mulki, ba mu sami wannan gata ba. Abin da muke da shi kakanni ne masu yawan bayani, da jiƙe-jiƙe masu ɗan karen ɗaci, da mutanen gari masu ido.

Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne, can gefen Taloka, bakin fadama. In gari ya waye a wancan zamani ba sai ka buɗe ido ba, kunnenka ya isa ya gaya maka abin da ake ciki. Za ka ji jigo yana kuka ƙiii, ƙiii, masu albasa na ɗebo ruwa. Za ka ji taɓare na sauka a turmi gida gida, 'yan mata na lugude suna tafa hannu kafin taɓarya ta dawo. Ga kurciya, ga jakuna, ga wani tsoho can yana faɗa da akuyar maƙwabci. In kuwa ana gayya, gangar noma ce za ta tashe ka, ta shiga cikin cikinka ta hana ka kwanciya. Yanzu fa? Injin ban-ruwa ya rufe bakin kowa. Tun da duku-duku yake ɓaɓatu har rana ta faɗi, in ka yi wa mutum sallama a gona sai ka yi kamar kana kiran wanda ke ƙetaren gulbi. Jigo na ƙarshe da na sani an yi makamashi da shi. A cikin waɗancan sautukan na da kuma akwai wani wanda duk garin suka sani, shi ne kukan ƙirjina.

Ciwon nan nawa yana da wani hali na munafunci da ya daɗe yana sa a ƙaryata ni. In ina zaune lafiyata ƙalau, in ci tuwo in sha miya kamar kowa, har in fi wasu. Da bazara in mun shiga gulbi sai in yini ina iyo, in ƙetare in dawo, ko tari babu. Da damina ma ina noma daidai gwargwado. Amma bari sanyi ya shigo, a ce da sassafe jaki ya kwance in bi shi da gudu, to na shiga uku. Kuma ba ina cikin gudun take kama ni sosai ba, sai na kama jakin na tsaya. Sai in ji kamar an ɗaura mini igiyar guga a ƙirji ana ja. Tari ya taso busasshe, iska ta shiga ta ƙi fita, in dafa gwiwa ina fiii, fiii, ido ya yi ja, magana ta gagara. In jima a haka, sannan a hankali igiyar ta saki. To wa zai yarda da ciwon da ke barinka ka yi wasa a ruwa, sai an ce yi aiki ya tashi?

Kowa a gidanmu da nasa dalilin. Kakata, uwar babana, ta rantse gashin kyanwa na haɗiya a fura tun ina rarrafe, shi ne ya maƙale yana kaɗawa. Saboda haka aka kori kyanwar gidanmu, baiwar Allah ba ta ci ba ba ta sha ba, ɓeraye suka yi biki a rumbu, fuka kuma tana nan inda take. Wata gwaggona ta ce iska ce ta tsamiyar bakin rafi, don an gan ni ina jifar tsamiyar da tsakar rana. Aka yi mini turare, aka lulluɓe ni da zane da kasko, wallahi rannan na ga lahira kusa, don hayaƙin nan ya fi gudun jaki sharri. Inna kuwa sai ta dafa ruwan zafi ta sa ni in sunkuya a kan tururin, shi kam yana ɗan sauƙaƙa mini. Baba kuwa bayaninsa gajere ne. “Ragganci na,” in ji shi. “Mi ah hana ta kama shi gaban akushi?” Wannan magana ta fi ciwon yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na sha zagayawa bayan rumbu in yi kukana in share ido in dawo.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne aikin hanya. An ce Bature zai zo rangadi, a fito da samari daga kowane ƙauye a gyara hanyar mota, aka sa da ni. Kwandon marmara muke ɗauka a ka, helma, wato shugaban lebura, yana tsaye yana cewa a yi sauri. Safiya ce mai sanyi, na zage na yi ta sassarfa don kada a ce ɗan gidan wane rago ne. Da na juye kwando na tsaya, sai ƙirji ya ce bismilla. Helma ya waiga yana neman mai busa, ya ce, “Wane ɗan Hulani na ka hura sarewa nan ana aiki?” Samari suka fashe da dariya har da masu faɗuwa ƙasa. Aka kore ni gida tun rana ba ta yi tsaka ba, suna kuma ya bi ni. Daga rannan na zama Sarewa. Har makaɗin garinmu, wani ɗan siririn mutum mai ido ɗaya da baki kamar reza, ya ƙirƙiro mini take a gangarsa, in na gifta sai ya kaɗa, yara su amsa da fito.

A haka na girma, a haka kuma na ga yarinyar nan. Ba zan faɗi sunanta ba, har yau ban taɓa kiransa ba, ita ma ba ta taɓa kiran nawa ba. Ita ce tsohuwar da ke cikin gida yanzu tana faɗa da kaji. A kasuwar Rimawa na fara yi mata magana, tana sayar da ƙuli-ƙuli, baƙa siririya mai wushirya, ga tsiwa kamar ta yi me. Na yi sauri ne don in riga wani saurayi zuwa gabanta, ai kuwa ina isa maimakon sallama sai fiii. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ƙawayenta suka rufe baki da mayafi suna ƙyaƙyatawa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta dube ni wani irin kallo, ta tura mini kujerarta da ƙafa, ta ce, “Zamna, in ta sake ka ka yi magana.” Na zauna. Da ta sake ni na yi magana, na kuma ci gaba da yi kasuwa bayan kasuwa, har magana ta kai ga manya.

To a al'adarmu ta mutanen fadama, ba a sa ranar aure sai saurayi ya kai gayya gonar surukinsa. Ba kuma noman damina ba, wanda ƙasa ke da laushi. Kaftu ne, bayan ruwa ya janye sanyi ya shigo, lokacin da laka ta bushe ta yi tauri ta tsattsage, a sare ta da galma a birkice ta don a yi fangalin albasa. Saurayi zai tara abokansa, ya zo da makaɗi, shi ne kuma zai tsaya a tsakiyar sahu inda kowa ke ganinsa. Tun rana ba ta fito ba ake farawa, kuma makaɗi da kiɗa mai zafi yake buɗewa, wai don jini ya tashi. Mata na gefe da ƙoren fura, tsofaffi na kan tabarma suna auna mutum da ido. Wanda ya ajiye galma kafin a tashi, to ba a ce masa kome a wurin, amma ba za a sake jin maganar auren ba. Ka ga ke nan duk abin da fukata ke so an tara mata wuri ɗaya, ga sanyin safiya, ga farawa da ƙarfi, ga idon jama'a.

Akwai kuma wani ɗan kawunta a Gandi da ke sonta, ƙato ne mai wuya kamar turmi, an ce shi kaɗai yake kafce gonar ubansa. Dangin uwarta duk shi suke so. Ita ce da bakinta ta gaya mini yadda abin yake, rannan a bakin rijiya, ba ta ko sauke tulu ba. Ta ce, “Ni kai nika so, ka sani. Amma in kah hwaɗi gaban Baba, ba ni da bakin da za ni kare ka ga su Inna. Ba su ba da ni ga wanda za su riƙa kai ma hatsi.” Na ce, “To mi za ni yi?” Ta ce, “Ka zo dai. Kak ka ƙi zuwa.” Ta juya ta tafi, tulu ko motsi bai yi ba.

Shi kuwa uban nata, duk yankin ana shakkarsa. Dogon mutum ne marar fara'a, kullum da rawani, amawali ya rufe masa baki da hanci, ido kawai kake gani. Mai Zagaye ake ce masa a bayan ido. Dalili kuwa, kowace safiya ta Allah kafin ya taɓa galma sai ya zagaye gonarsa kaf yana jan jakinsa, ya tsaya nan ya ɗan sari iyaka, ya wuce can ya ɗan sara. Maƙwabtan gonarsa sun daɗe suna jin haushi. Suna cewa zarginsu yake yi da cin iyaka, in ba haka ba me ake dubawa kullum, ƙasa tashi take da dare ta yi tafiya? Wasu suka ce girman kai ne, shi ya sa yake rufe baki kamar wani hakimi alhali manomin albasa ne kamar kowa. Ni dai in na hango shi a hanya sai in cire takalmi in tsuguna tun daga nesa, in ya wuce in tashi. Haka surukuta take a lokacin. Ba ka haɗa ido da shi, ba ka cin abinci inda yake, shi ma ba ya yi maka magana kai tsaye, ko da gobara ce sai dai ya aiko.

Ranar gayya ta zo. Kakata ta ɗura mini wani jiƙo na sassaƙe mai ɗaci har kunnena ya yi ƙara, ta ɗaura mini laya a damtse. Baba kuwa na ga ya wasa mini galmarsa da kansa ya jingine a bakin ɗakina. Muka isa fadama gari ya yi haske rana ba ta fito ba, sanyi yana yankan kunne, in ka yi numfashi sai ka ji shi har cikin haƙori. Jama'a sun cika, har wanda ba a gayyata ba ya zo, don kowa ya san yau Sarewa zai yi busa. Mutumin Gandi ma ga shi can ya harɗe hannu, wai ya zo taya mijin gwaggonsa aiki. Muka jeru. Makaɗi ya gyara rataya, ya kashe mini idonsa mai kyau, ya ɗaga sandar kiɗa sama. Na ce a raina, shi ke nan, yau zan rabu da yarinyar nan a gaban duniya.

Sai muka ji murya daga cikin amawali. “Dakata.” Mai Zagaye ne. Ya ce wa makaɗi, “Ba a sara mani gona ba a san iyakatta ba. Kak ku shiga ta mutane ku ja mani magana. A ce ma mai gayya shi zo shi ja mani jaki.” Mutane suka dubi juna. Suruki da saurayin ɗiyarsa su tafi tare su biyu? Ba a taɓa ji ba. Abokina da ke kusa da ni ya raɗa mini, “Sallamarka za shi yi a asirce, mutumin kirki na, ba shi son ka ji kunya.” Ni ma haka na ɗauka. Na saɓa galma, na karɓi igiyar jaki, kaina a ƙasa.

Muka kama iyaka, ni a gaba da jaki, shi a baya. Da muka yi nisa da mutane sai na ji ya yi gyaran murya ya ce, “Kai jaki.” Na yi shiru, jaki ma ya yi shiru. Ya ce, “Jaki, ga wani ƙyalle nan bisa wuyanka. In da wanda sanyi ka shiga ma ƙirji, shi ɗauka shi naɗe baki da hanci.” Na saci kallo, ai kuwa ga wani tsohon ƙyallen saƙi a wuyan jaki. Na ɗauka na naɗa. Ya ce, “Jaki, kai dabba na amma ka hi wasu mutane hankali. Ban taɓa ganin ka buɗe baki kana lumfashi ba. Ta hanci kaka ja, shi ya sa iska ka isa cikinka da ɗumi. Wasu ko sai su wage baki awa kada, su kwashi sanyi busasshe su zuba ma ƙirji, sannan su ce iskan tsamiya na.” Wallahi duk da tsoron da nake ji sai da dariya ta kusa kuɓuce mini. Na rufe baki ruf, na koma ja da hanci.

Muka ci gaba. Ya ce wa jaki ya ɗan ɗaga ƙafa, na ɗaga. Ya ce jaki ya ƙara, na ƙara, har jikina ya fara ɗumi. Da muka kai kusurwa ya ce, “Jaki, iyakag ga ta kwanta, da za a samu mai sara ta kaɗan.” Na sari kaɗan da ƙarfi. Ya ce, “Ya isa, jaki, mu tahi.” Haka muka yi ta yi, tafiya, sara, tsayawa, tafiya. Can wajen ƙarshen gonar, inda wata kuka ta kare mu daga idon mutane, sai na ji igiyar nan ta fara ɗaure mini ƙirji. Tari ya zo, sai ga fiii siririya. Hawaye suka cika mini ido, na ce ta ƙare, ya ji da kunnensa. Sai ya ce, a hankali ƙwarai, “Tsaya, jaki. Kak ka hirgita, hirgita ka ƙara mata ƙarhi. Wagga ƙaramat ta. Bari ta zo ta gaisa ta wuce. In ƙarama tar riga zuwa, babba ba ta cika biyo ta ba sai an jima ƙwarai. Kahin nan an gama aiki.”

Muka tsaya a bayan kukar nan, ni ina fiii, ina jan iska ta hanci kamar yadda aka ce wa jaki. A hankali ta fara lafawa. Da tawa ta yi ƙasa sai na lura akwai wata busar da ba ta lafa ba, wata kaurara mai ɗan gurgura, kuma ba daga ƙirjina take fita ba. Na dubi jaki, na ce ko shi ma yana da ita? Har na kai kunne kusa da hancinsa. Jaki lafiyarsa lau, ciyawa yake tsinka. Sai na gane daga ina take. Daga cikin amawali take fitowa. Ban ɗaga kai ba, ban isa ba. Ashe mutumin nan ba iyaka yake dubawa ba duk shekarun nan, ba kuma girman kai ya sa yake rufe baki ba. Ya yarda a ce masa mai zargi, a ce masa mai girman kai, da dai a ce masa rago. Muka tsaya mu biyu muna busa, babba da ƙarami, har ta sake mu. Ya ce, “To jaki, mu koma, an gaji da jiranmu.”

Da muka dawo rana ta fito ta ɗan taɓa ƙasa, sanyin ya karye. Abokaina suka ga fuskata a naɗe suka ce, “A'a, ango ya koma Buzu!” Ban tanka ba, ba na buɗe baki. Makaɗi ya saki ganga da takena na tsiya, muka duƙa. Kai, kaftu aiki ne! Galma ta sauka ta ce ƙam, hannu ya amsa har kafaɗa, ka ɓamɓaro hoge ka kifar, ka matsa. Ba zan yi ƙarya in ce na wuce kowa ba, na tsufa da wannan. Mutumin Gandi ya yi gaba abinsa kamar ana korarsa. Ni dai ina tsakiya, ba na gaba ba na baya, gumi ya jiƙa ƙyallen nan, iskar da nake ja ta zama mai ɗumi da laima kamar ta bakin gulbi. Muka kai ƙarshen sahu na farko muka miƙe, kuma kowa ya san a tsayawa ne take kama ni. Makaɗin nan, don neman magana, sai ya dafe ganga da tafin hannu, ya karkata kai ya kafa kunne. Duk fadama ta yi shiru ana sauraron ƙirjina. Ni ma saurare nake. Shiru. Can sai jakin Mai Zagaye ya ɗaga kai ya ɓarke da kuka. Jama'a suka kwashe da dariya, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, makaɗi ya ce, “Yau sarewa ta toshe, sai kakaki!” Ya juya kiɗa, muka sake duƙawa.

Kafin azahar mun gama gonar. Ƙirjina ya ɗan yi nauyi daga baya, amma ban ajiye galma ba. Aka kawo fura, na koma gefe na juya baya don kada in sha a gaban suruki. Ina nan zaune sai na ji takun jaki ya tsaya a bayana. Murya ta ce, “Jaki, in ka ga mutanen gidansu wani, ka ce su turo manya a sa rana. Ƙyallen kuma a riƙe, na ba da.” Na tsuguna har goshina ya taɓa laka. Da na isa gida na tarar labari ya riga ni. Baba yana zaune a ƙofar gida, ya karɓi galmarsa ya duba bakinta, ya ce, “Ta ci ƙasa.” Daga shi har ni mun san abin da yake nufi, bai kuma sake kirana rago ba.

Yayar yaron nan mai ƙwallo aikin jinya take yi a asibiti, ita ce ta warware mini abin bayan na tsufa. Ta ce ba gashin kyanwa ne ya maƙale ba, ko da yake wasu masu ciwon zama da kyanwa na tayar musu da shi. Wai hanyoyin iska ne na cikin huhu suke da saurin fushi, kuma abin yana bin jini. In mutum ya yi aiki mai ƙarfi yana haki ta baki, iska mai sanyi busasshiya na busar da hanyoyin nan, sai su tsuke, su kumbura, majina ta taru, shi ne kukan da ake ji. Hayaƙi da ƙura da mura duk suna ƙara mata. Shi ya sa gulbi bai taɓa kayar da ni ba, iskar kan ruwa na da laima. Na ce to ai surukina ya gaya wa jaki wannan tun ba a haifi uwarki ba. Ta ce ya yi gaskiya, har yanzu ana cewa a ɗumama jiki kafin a fara, amma in ji ta zagaye ba ya maye gurbin magani, ba kuma kowa yake yi wa aiki ba. Na yarda da ita. Akwai ƙanin wani abokina da fuka ta tafi da shi yana saurayi, da akwai abin shaƙan nan da wataƙila yau muna zaune tare. Don haka in yaron nan ya manta nasa a gida ni ne mai bin sa da shi har fili, ina zaginsa.

Mun daɗe da aure, har surukina ya rasu, kafin in tambayi tsohuwar nan abin da ya daɗe yana cina. Na ce yaya aka yi Babanki ya san abin da zai yi rannan? Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Wa kaka tsammani yag gaya mai? Ni tun ina goye nika jin kukan ga ta bayan ɗakin Baba. Ran da kaz zo kasuwa kana hiii, ƙawayena dariya sunka ji, ni Babana nij ji.” Na ce to ke da ba kya iya yi masa maganar saurayi, ta yaya kika faɗa? Ta ce, “Shi kaɗai ad da jaki? Ina ba jakin dusa Baba na alwala kusa, nig gaya ma jakin komi.”

Yanzu ni yaran gari ke kira Mai Zagaye, suna cewa tsoho na tsoron a ci masa iyaka, ban kuma taɓa gyara musu ba. Jaki ya ƙare a gidanmu, babura suka maye, su kuwa ba a yi musu magana. Amma yau da safe, sanyi ya fara shigowa, na ɗauki sandata zan fita gona na manta ƙyalle. Har na kai zaure sai na ji muryarta daga cikin gida, tana yi kamar da kaji take. “A gaya ma jakin Baba shi ruhe bakinai, ni ban shirya takaba ba.” Na koma na ɗauka na naɗa.